ZAUREN ZANGO: Wanda Ya Faɗi, Wa Zai Kama Hannunsa?

Jama'a masu karatu, na Paraku da na Jugu da na sauran zangunan ƙasar nan. A wannan wata za mu yi magana ne a kan wasu mutane da kowannenmu ya san su, yana gaisawa da su safe da yamma, amma ba kasafai muke zama mu tattauna lamarinsu a fili ba. Ina nufin waɗanda rayuwa ta kayar, suna neman inda za su dafa su miƙe.

Akwai saurayin da ya sayar da babur ɗinsa, mahaifiyarsa ta haɗa masa da kuɗin kwanukanta, ya kama hanyar Agadas da niyyar shiga Aljeriya ko Libiya, bayan shekara biyu aka dawo da shi da leda ɗaya a hannu. Mutanen Jugu ba sa bukatar a ba su wannan labari. Akwai wanda ya fito daga gidan kaso, ya tarar an ba wani rumfarsa, abokansa kuma suna gaishe shi daga nesa. Akwai magidancin da bai yi laifin komai ba, sana'arsa ce ta mutu ta bar shi da iyali. Sannan akwai mata: bazawarar da aka sako da 'ya'ya uku, da yarinyar da ta tafi aikatau ƙasashen Larabawa ta dawo ba kuɗi ba lafiya.

Duk wanda ka tambaya maganin wannan hali zai ce maka a koya musu sana'a. Gaskiya ne, ni ma haka na ce. To amma koyon sana'a dutse ɗaya ne daga cikin duwatsun murhu, kuma tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Sauran biyun su ne kayan aiki da amana. Na farko da na biyu gwamnati da ƙungiyoyi suna iya taimakawa a kansu. Na uku kuwa a hannunmu yake, mu mutanen zango, babu ofishin da ke raba shi.

Zango tun asali masaukin wanda ya rasa ne

Garuruwan nan biyu a kan hanyar goro suka girma. Tun kafin Faransa ta kafa mulkinta a nan a ƙarshen ƙarni na 19, ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Nikki ko Paraku, su wuce Jugu, har su dangana da Salaga ta ƙasar Gwanja, su juyo da goro. Bature Kilafatan ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya kuma rubuta yawan mutanensa da dabbobinsa. Unguwar Wangara ta Jugu da unguwar Zango ta Paraku shaidun wannan zamani ne, haka ma sunan babbar kasuwar Paraku, Arzeke, wanda duk Bahaushe ya ji shi ya san arziki ake nufi.

Ba kowa ne ya bi ayari ya koma gida da riba ba. Wani jakunansa suka mutu, wani 'yan fashi suka tare shi, wani ciwo ya kwantar da shi ayari ya wuce. Irin waɗannan mutane maigidan zango ne yake karɓar su. Ya ba mutum ɗaki da tuwo, ya fara aiken sa, in ya ga natsuwarsa ya sa shi dillanci, daga nan ya ba shi kaya bashi, in wani ya tambaya ya ce yarona ne, na tsaya masa. Gidaje da yawa da muke ganin girmansu a yau kakanninsu ta wannan ƙofa suka shigo. Haka aka sake yi a 1969 lokacin da gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, da 1983 lokacin da Nijeriya ta yi irin tata korar. Jama'a masu yawa suka ratsa ta ƙasar nan, wasunsu suka sauke kaya a zangunanmu, aka ba su wurin zama da abin yi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Abin da nake kira a kai ke nan, ba sabon abu ba ne.

Yadda hanya takan mutu ta bar masu cin abinci a kanta

Yana da kyau mu tuna cewa yawancin masu zaman kashe wando a unguwanninmu ba lalaci ne ya zaunar da su ba. Abincin garuruwanmu a kan hanya yake, hanya kuwa ba a hannunmu take ba.

Jirgin ƙasa ya iso Paraku daga Kwatano a 1936, tafiyar kilomita 438, a nan kuma dogo ya tsaya. Saboda haka duk kayan da za su wuce Nijar a Paraku ake sauke su, a loda wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya. Wannan sauke-lodi ya ciyar da 'yan dako da direbobi da yaran mota da makanikai da masu sayar da abinci shekara da shekaru, a ƙarƙashin hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa a 1959. Da dogo ya raunana, motoci suka riƙa yin lodi tun daga bakin teku, sai wannan abinci ya ragu. Masaƙar Paraku, wadda aka kafa a shekarun 1970, ita ma ta yi ta tangal-tangal, ma'aikata da dama suka rasa aiki.

Dattawa ba su manta 1989 ba, shekarar da bankunan gwamnati suka durƙushe, ma'aikata suka yi watanni ba albashi, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, aka rage ma'aikata. A wannan zamani ne zemijan, wato kabu-kabu, ya zama mafakar mai digiri da marar digiri. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, jarin ƙananan 'yan kasuwa ya narke a dare ɗaya. A kusa-kusan nan kuma, Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A watan Mayu na 2023 ta janye tallafin man fetur, masu sayar da kpayo a bakin titi suka ji a jikinsu. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe gadar Malanbil, motoci suka yi layi, kaya suka ruɓe a cikinsu.

Mai sana'ar hannu ma yakan ji jiki a irin waɗannan lokuta, ba a musu. Amma ko an rufe iyaka babur zai lalace, famfo zai tsiyaya, za a yi suna da biki a nemi ɗinki, firji zai daina sanyi a tsakiyar bazara. Wanda abincinsa ke cikin hannunsa yakan rage cin nama ne, wanda abincinsa ke kan iyaka kuwa tukunyarsa ce ake kifewa.

Ƙofofin da ke akwai

Da yawa daga cikinmu ba mu san abin da hukuma ta tanada ba, domin da Faransanci ake sanarwa, mu kuwa yaranmu da dama allo suka yi, ko kuma sun bar lakwal tun a aji uku. Bari in kawo kaɗan.

A 2005 gwamnati ta kafa takardun shaida guda biyu domin masu koyon sana'a a hannun maigida. Ta farko ita ce CQP. Tsarinta an aro shi ne daga Jamus da Suwizalan: yaro yana aiki a shagon maigidansa, sannan yana zuwa cibiyar horo ya koyi ilmin abin da hannunsa ke yi, har shekara uku. Asusun FODEFCA, wanda aka kafa a 1999, shi aka ɗora wa biyan mafi yawan kuɗin horon. Sai dai shiga CQP yana bukatar mutum ya yi nisa a firamare, ya iya karatu da rubutu da Faransanci, domin akwai jarrabawar shiga. Nan ne yaranmu da yawa suke tsayawa.

Ta biyun ita ce CQM, wadda aka fara jarrabawarta a 2013, kuma ita ce ta fi dacewa da mutanen da muke magana a kansu. Jarrabawa ce ta aikin hannu: a ba tela yadi ya yanka ya ɗinka, a ba makanike inji ya kwance ya ɗaura. Wanda bai taɓa zama a aji ba yana iya cin ta, ya sami takarda mai hatimin gwamnati, wadda ta fi takardar da maigida ke rubutawa da hannunsa nauyi a duk inda aka kai ta. Mai neman bayani ya tuntuɓi ƙungiyar masu sana'ar hannu ta garinsu ko ma'aikatar magajin gari.

Yaran da lakwal ta wuce su kuwa, daga 2011 an buɗe cibiyoyin da ake kira Barka a jihar Bargu, daga baya har Alibori, da taimakon ƙasar Suwizalan. An yi su ne domin 'yan shekara 9 zuwa 15, a fara musu karatu da harshen gida sannan a shiga Faransanci, cikin shekara huɗu su kai matsayin rubuta jarrabawar gama firamare, tare da ɗanɗana musu sana'o'i. Mai sha'awar noma da kiwo yana da cibiyar Songhai, wadda Fada Godfrey Nzamujo, haifaffen Kano, ya kafa a Porto-Novo a 1985, tana kuma da reshe a Paraku. A ƙarshen 2020 Bankin Duniya ya amince da wani shiri na matasa masu ƙaramin karatu, wanda ɓangarensa da aka fi sani shi ne Azoli, a hannun hukumar samar da aikin yi ta ANPE, inda ake tura matashi ya koyi aiki a kamfani ko masana'anta. Gwamnati ma ta bayyana burinta cewa kafin 2030 kashi 70 cikin 100 na ɗalibai su kasance a fannin fasaha da sana'a.

Duk waɗannan ƙofofi da mabuɗi ɗaya ake buɗe su: takardar haihuwa da katin shaida. Wanda ba shi da su, kafin ya nemi maigida ya fara neman ofishin ANIP. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau da yawa ana sanar da ɗaukar masu koyo, wa'adi ya cika yaro yana can yana neman takardar da ya kamata a ce tana cikin akwatin mahaifinsa tun ranar suna.

Abin da sana'a take gyarawa a jikin mutum

Mutane suna ɗauka cewa kuɗi ne abu na farko da sana'a ke ba wanda ya faɗi. A ganina kuɗin a baya suke zuwa. Abu na farko shi ne lokaci. Wanda ya dawo daga hamada ko ya fito daga kaso, ranarsa ba ta da kai ba ta da gindi. Yana kwana a farke, yana wuni a kwance, wanda ya fi kusa da shi kuwa shi ne mai sayar da ƙwaya. Ranar da ya sami wurin da ake jiran sa da ƙarfe takwas, wurin da in bai zo ba za a aiko a tambaya, ranar ce ya fara warkewa.

Abu na biyu suna ne. Unguwa ba ta da mantuwa. In ba a ba ta sabon suna ba, da tsohon za ta ci gaba da kiran mutum: wane da aka koro, wane da aka ɗaure, wance da aka sako. Amma in ya shekara yana walda, sai ka ji yara suna cewa shagon wane mai walda, tsohon sunan ya bi ruwa. Abu na uku shi ne ɗan abin da zai miƙa wa mahaifiyarsa da yamma, ko da na cefane ne. Wanda ya saba karɓa, ranar da ya fara bayarwa tafiyarsa ma takan sauya. Daga nan ne ake fara maganar aure, a kira shi shawara, a ba shi ajiya.

Inda igiyar take tsinkewa

To me ya sa muke ganin mutane da takardar gama koyo a rataye a ɗaki, su kuma suna bisa zemijan na haya, ko sun sake kama hanyar Agadas?

Dalili na farko, babba ba yaro ba ne. Tsarin koyon sana'a da muka gada an gina shi ne a kan ɗan shekara 14, wanda shi ne mafi ƙarancin shekarun da doka ta yarda, yana ci a gidan ubansa, ana biya masa kuɗin koyo, yana shekara uku ko huɗu ba a ba shi komai sai na abincin rana. Magidanci mai shekara 30 da mata da 'ya'ya ba zai iya wannan ba. In ba a sama masa abin sawa a baki ba, wata uku ya yi yawa zai gudu, a ce ba shi da haƙuri, alhali yunwa ce ta kore shi.

Dalili na biyu, bikin yaye, wanda muke kira liberasiyo. A nan al'adu biyu ne suka haɗu a garuruwanmu. A al'adar kasuwa ta Hausawa, in yaro ya yi wa maigida hidima shekaru, maigida ne yake sallamar sa da jari, ko ya buɗe masa rumfa. Inyamurai ma haka suke yi wa yaransu. A al'adar shagunan sana'a kuwa, yaro ne yake biyan maigida kafin a sake shi: kuɗi, da abin sha, da tufafi, da abincin taro, da kujerun haya. Ɗaya yana fita da jari, ɗaya yana fita da bashi. Akwai waɗanda suka gama koyo tuntuni, suna nan a shagon maigida suna aikin banza don kawai ba su da kuɗin biki. Ɗaya daga cikin dalilan kafa CQM shi ne a sauke wa iyaye wannan nauyi, amma takarda ba ta kashe al'ada, sai masu al'adar sun yarda.

Dalili na uku, kayan aiki. Tela ba keke, kafinta ba zarto, mai walda ba inji, sunansa ɗan kallo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙungiyoyin da ke dawo da 'yan ci-rani, irin su hukumar ƙaura ta duniya OIM, sukan ba da tallafi na kaya maimakon tsabar kuɗi, kuma dabara ce mai kyau. Amma wanda ya dawo ya tarar da bashin da aka ci don tafiyarsa, masu bin bashi suna zarya a ƙofar gida, abu na farko da zai sayar shi ne wannan keke. Don haka kafin a ba mutum kaya, a zauna da masu bin sa bashi a yanka masa biya kaɗan-kaɗan. Wannan aikin dattawan unguwa ne, ba na baƙo daga Kwatano ba.

Dalili na huɗu, kowa ɗinki, kowa kitso, kowa gyaran babur. A layi ɗaya sai ka ƙirga teloli sun fi masu kawo ɗinki. Alhali ga gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ga haɗa wutar hasken rana, ga gyaran famfon burtsatse, ga shimfiɗa tayil, ga gyaran waya, ga sarrafa kaɗanya da waken suya da kashu da ƙasarmu ke nomawa. Kafin a kai mutum koyo, a duba abin da gari yake nema ya rasa.

Wa zai tsaya masa?

Yanzu mu zo kan dutse na uku. A ce mutum ya iya aiki, yana da kayan aiki. Wa zai ba shi babur ɗinsa ya tafi ya bar shi? Wa zai bar shi ya shiga cikin gida ya ja waya, matan gida suna ciki? Wa zai ba shi yadin sallah na mutum goma?

Wanda ya fito daga kaso ya fi kowa sanin wannan ciwo. Aikin ofis da na kamfani ana neman takardar kotu da ake kira kasiye, mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci. Tasa ta riga ta ɓaci. Ko da ya koyi ɗinki ko saƙa ko kafinta a can ciki, ƙofa ɗaya ce ta rage masa, ita ce shagon maigida a unguwa, inda ba a tambayar kasiye, ana tambayar wa ya san shi. In mu ma muka rufe wannan ƙofa, to mun nuna masa hanyar komawa inda ya fito, kuma kayanmu ne zai bi ta kansu. Kada a manta kuma, ba duk wanda ya kwana a kaso ne ɓarawo ba. Akwai wanda faɗa ya kai shi, akwai na bashi, akwai wanda ya yi watanni yana jiran shari'a daga baya aka sallame shi ba laifi.

Na san abin da masu shaguna za su ce, kuma ba na ganin laifinsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Maigidan da yaro ya taɓa gudar masa da injin mutane, ya biya da guminsa, ba za ka zo masa da wa'azi kawai ba. Ba kuma kowane wanda aka ba dama ne zai riƙe ta ba, wani zai ci amana, wannan tabbas ne. Abin da ya kamata shi ne kada a bar maigida shi kaɗai da hasarar. Kakanninmu ma ba su taɓa miƙa wa baƙo mabuɗin rumbu ranar da ya sauka ba. Sukan fara da aike, sannan ajiya ƙarama, sannan babba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga yadda nake ganin za a yi. A kowace unguwa a sami dattawa uku ko huɗu, da sarkin zango ko wakilinsa, da liman, da shugaban masu sana'a, da uwar ƙungiyar mata. In za a kai babba koyo, a yi yarjejeniya a rubuce a gabansu, da boko ko da ajami: tsawon lokacin koyo, abin da za a riƙa ba shi kowane mako, ranar da za a rubuta sunansa a jarrabawar CQM, da kuma cewa ba liberasiyo sai addu'a da goro. A sami mutum biyu daga danginsa ko abokan mahaifinsa su tsaya masa. A buɗe wani ɗan asusu, irin adashin da muka saba, wanda in an yi ɓarna za a rage wa maigida hasara daga ciki, in kuma an gama lafiya a saya wa mai koyo kayan aiki, ya riƙa mayarwa a hankali don na bayansa ya samu. Masu fitar da zakka su tambayi malamai yadda za a sa wani kaso a wannan hanya, maimakon a raba ta tsaba-tsaba ta ƙare a cefanen kwana biyu.

Mahauta da masu cacanga, da dillalan shanu, da masu motocin haya, ku ne kuka fi kowa iya wannan, domin sana'arku ba ta bukatar takarda, kuma tun asali da yaran gida kuke tafiyar da ita. Kowane maigida mai yara biyar ya sa na shida ya zama wanda kowa ya ƙi. Alhazai masu gine-gine kuma, in za ku ba da aikin ƙofa ko taga, ku tuna da sabon shago. Kwangilar farko ita ce ke kafa mai sana'a, domin ita ce za a nuna wa na biyu.

Iyayenmu mata, ku ma da naku. Bazawara da yarinyar da ta dawo daga aikatau ba su cika iya zuwa shagon da ke bakin kasuwa su wuni ba, ga yara ga surutun mutane. Amma a cikin gidajenmu akwai gwanayen ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da sabulu, da turaren wuta, da saƙa, da lalle. Hajiyar da ta ja irin wannan yarinya jikinta, ta koya mata, ta haɗa ta da masu sari, ta sa ta a adashi, ta yi abin da wata ƙungiya za ta kashe miliyoyi ba ta yi ba. A kuma rage tambayar me ya faru a can. In ta ga dama wata rana za ta faɗa da bakinta.

Kai kuma ɗan'uwa

Kai da ake magana dominka, saura naka. Na san akwai nauyi mai gemu ya durƙusa gaban wanda ya girme wa, yaro ƙarami ya ce masa miƙo sufana. Na san abokanka da suka dace a Turai suna aiko hotuna. Amma masu hoton ba sa aiko na waɗanda aka sauke a kan iyakar Aljeriya, suka taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka, kai kuwa ka san su, wataƙila ma kana cikinsu. Kunyar shekara biyu a shago ta fi kunyar shekara ashirin a bakin titi sauƙi. Wanda ya tsaya maka ya jinginar da mutuncinsa ne, in ka ci amanarsa ba kai kaɗai ka cuta ba, ka rufe ƙofa ga mutum goma da ke bayanka. Ka zo da wuri, ka faɗi gaskiya in ka ɓata aiki, ka mayar da canji ko dala ce. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa ake sake gina suna.

Jama'a, kowa ya duba gidansu da gidan maƙwabcinsa, zai sami mutum ɗaya da wannan magana ta shafa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, domin babu wanda ya san wace hanya ce za a rufe gobe. Masu shagunan da suka taɓa gwada ɗaukar irin waɗannan mutane, ko an ji daɗi ko ba a ji ba, muna so ku aiko mana da yadda kuka yi, ba sai kun ambaci sunan kowa ba, domin wasu su ƙaru.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a hannuwanmu, ya ba wanda ya faɗi mai kama hannunsa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.